Akwatin rainon iri: yadda ake haɗa shi da yadda ake kula da dashe a cikinsa lokacin hunturu

Akwatin rainon iri, wanda ake kira châssis da Faransanci, akwati ne marar gindi da ake girkewa a kan ƙasa, a rufe shi da murfin gilashi ko na farar leda. Da rana haske yana ratsa murfin ya ɗumama ƙasar da ke ciki. Da dare kuma murfin yana rage saurin fitar wannan ɗumi, ya tare iska da raɓa. Ba ya buƙatar lantarki ko garwashi, shi ya sa Faransawa ke ce masa châssis froid, wato mai sanyi, don a bambanta shi da wanda ake ɗumamawa da ɗanyen taki. Amfaninsa shi ne iri ya tsiro da wuri a lokacin da sanyin dare ke hana shi, kuma dashe ya yi ƙwari kafin a kai shi lambu.

Haɗa shi aikin yini ɗaya ne, ko ga wanda bai taɓa riƙe zarto ba. Abin da ke kashe dashen sabon shiga galibi zafi ne: akwatin da aka manta a rufe da tsakar rana yana iya dafa tsiron da ke ciki kafin azahar.

Asalinsa da inda yake da amfani

Dabarar ta masu lambun Turai ce. Jean-Baptiste de La Quintinie, wanda ya shimfiɗa wa Sarki Louis na 14 lambun fadar Versailles tsakanin 1678 da 1683, ya yi suna wajen kai salati teburin sarki a watan Janairu, ta hanyar amfani da ɗumin taki da rufin gilashi. A ƙarni na 19 masu lambun da ke kewayen Paris sun mayar da abin sana'a, suna jera akwatuna a kan kashin dawakin da ke jan kekunan birnin, suna kai ganye kasuwa a tsakiyar sanyi. Masu lambun Nantes ma sun shahara da nasu samfurin, châssis nantais.

Ba ko'ina ne yake da amfani iri ɗaya ba. Bahaushen da ke zaune a Faransa ko Beljiyam, wanda ya sami ɗan fili a bayan gida ko a lambunan da hukumar gari ke rarraba wa mazauna, shi ne ya fi kowa buƙatarsa, domin a can ruwa na daskarewa har cikin Afrilu. Masu lambun Faransa ba sa fitar da tumatir fili sai bayan ranakun 11, 12 da 13 ga Mayu, waɗanda suke kira Saints de glace.

A Afirka kuwa tudu ne ke kawo irin wannan sanyi. A duwatsun Azbin da ke arewacin Agadas, inda ƙololuwar Bagazam ta kai mita 2,022, dare na iya sauka har ruwa ya daskare a Disamba da Janairu, kuma a nan ne lambunan Timiya da Tabelot suke. Haka abin yake a Tibesti na Chadi da Jabal Marra na Sudan. Jos da Ngaundere, waɗanda ke sama da mita 1,000, da tsaunin Mambila, suna samun dare mai sanyi sosai ko da bai kai ga ƙanƙara ba. A ƙasashen kwari irin su Maraɗi, Damagaram, Marwa da Njamena, sanyin asuba a tsakiyar hunturu yakan tsaya tsakanin digiri 12 zuwa 16, wani lokaci ya faɗi ƙasa da 10 a karkara. Wannan ba ya kashe tsiro, amma yana sa tattasai da attaruhu su yi nawa ƙwarai. A Kumasi ko Yawunde babu sanyin da za a tare. Mai lambu a can rumfa yake buƙata wadda za ta kare iri daga dukan ruwan sama, ba akwati rufaffe ba.

Haka nan ba kowane iri ne ke neman ɗumi ba. Tumatir ya fi son ƙasa mai zafin digiri 20 zuwa 30, inda yake tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10. Idan ƙasa ta yi kusa da digiri 10 sai ya kusan tsayawa cak. Tattasai, attaruhu, barkono da gauta sun fi shi son ɗumi, kuma a ƙasa mai sanyi suna iya shafe mako uku ba su leƙo ba, wani irin ma ya ruɓe a ciki. Su ne asalin ƴan akwati. Albasa, kabeji da salati kuwa sanyi abokinsu ne. Irin salati ma yakan ƙi tsirowa idan zafin ƙasa ya doshi digiri 30, saboda haka sa shi a akwati a Sahel ɓata iri ne. Karas ba a dasa shi, a inda zai girma ake shuka shi.

Wurin da za a ajiye shi

A nemi wuri mai rana tun daga hantsi, wanda ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, kusa da gida ko rijiya. Kusancin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin akwatin yana neman a leƙa shi sau biyu a yini, kuma wanda aka ajiye a ƙarshen gona shi ake mantawa.

Gefensa mai tsayi ya ba arewa baya, murfin ya gangara ya fuskanci kudu. A lokacin sanyi rana tana karkata kudu a duk ƙasashen da ke arewa da tsakiyar duniya, sannan a Sahel iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka bangon baya ya zama garkuwa. Idan akwai katanga ko darni a wannan gefe, a jingina akwatin kusa da shi. Game da gangaren murfi, littattafan Turai kan ce a karkata shi sosai, saboda a Paris a ƙarshen Disamba ranar tsaka ba ta wuce digiri 18 daga doron ƙasa. A Agadas a wannan lokaci tana kai kusan digiri 50, a Garwa kusan 57. Gangare kaɗan ya wadatar, wanda zai sa ruwa ya zurare kawai.

Kayan aiki da haɗawa

Wanda ya sami tsohuwar taga mai gilashi ya auna ta tukuna, ya gina akwatin daidai da girmanta, domin yanka katako ya fi yanka gilashi sauƙi. Wanda ba shi da taga zai iya ɗaukar awon da ya dace da sabon shiga: tsawo santimita 120, faɗi santimita 80. Kada faɗin ya wuce haka da yawa, don hannu ya iya kaiwa bangon baya ba tare da an taka ciki ba.

Da katako mai faɗin santimita 15 da kaurin kamar biyu da rabi, lissafin ba shi da wuya. A yanka guda biyar masu tsawon santimita 120: uku na baya, wanda zai ba da tsayin 45, biyu na gaba, tsayin 30. A yanka wasu biyar masu tsawon 80: biyu na gefen dama, biyu na hagu, na biyar kuma a ja masa layi daga wannan kusurwa zuwa waccan a karkace, a tsaga shi biyu. Kowane ɓari ya hau saman gefe ɗaya, mai faɗin yana baya, tsinin yana gaba, shi ne zai ba da gangaren. Jimilla katako mita 10 ke nan. Sai turaku huɗu masu kaurin santimita 5, biyu masu tsayin 45, biyu masu tsayin 30, waɗanda za su tsaya a kusurwoyi daga ciki a kafe katakan a jikinsu da ƙusa ko sukuru. Ana fara haɗa baya da gaba a kan turakunsu, sannan a ɗinke su da gefuna. Kafin a ƙarasa buga ƙusoshi, a auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya zo ɗaya, akwatin bai karkace ba. Duk kafar da ta rage tsakanin katako a toshe ta da laka ko tsumma.

Katakon da ake ɗora kaya a kansa a tashar jirgin ruwa da manyan shaguna yana da arha, amma a duba hatimin da ke jikinsa. Mai alamar HT da zafi aka gasa shi, ba shi da illa. Mai alamar MB an yi masa hayaƙin guba, a bar shi. A guji katakon layin dogo mai warin kwalta, da tsohuwar taga mai fentin da ke ɓarewa, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma. Shafa baƙin mai don korar gara al'ada ce da ta yaɗu, sai dai man yana tsiyaya cikin ƙasar da za a ci amfaninta. Ɗora akwatin a kan jerin bulo ko duwatsu, a cike gefen da ƙasa, ya fi tsabta.

A inda katako ke da tsada, kuma gara ba ta barin sa, tubalin laka ya fi shi. Ana jera shi da awo iri ɗaya, baya ya ɗara gaba da tsayin tubali ɗaya, a yaɓe saman gefuna a gangare, a daidaita bakin yadda murfi zai zauna ba kafa. Bangon laka yana shan zafi da rana ya sake shi a hankali da dare, kamar yadda ɗakin soro ke yi, abin da siririn katako ba ya iyawa. Aibinsa ɗaya, ba a ɗauke shi a sauya masa wuri.

Murfi

Sai an gama akwatin ake auna murfi, a bar shi ya ɗan zarce baki ta kowane gefe. Firam ne na siraran katako da sanda ɗaya ko biyu a tsakiya don kada leda ta lotsa. A ja ledar ta miƙe, a naɗe bakinta a jikin siririn itace sannan a buga ƙusa ta cikinsa. Ƙusar da aka buga kai tsaye a leda iska ce ke yage ta cikin ƴan kwanaki. A bangon baya ake ɗaure murfin, da ƙarfen da ƙofa ke juyawa a kansa ko da yanki biyu na tsohuwar taya. A gaba a sa igiya ko ƙugiya, saboda iskar hunturu tana ɗaga murfin da ba a ɗaure ba.

Gilashi ya fi riƙe ɗumi da dare kuma yana daɗewa, amma yana da nauyi, yana fashewa, kuma hatsari ne a gidan da yara ke wasa. Leda ba ta da tsada ko nauyi, sai dai ɗumin ƙasa yana ratsa ta ya fita da dare fiye da yadda yake ratsa gilashi, kuma ledar kasuwa ta yau da kullum rana tana cinye ta cikin kaka ɗaya. Ledar da aka yi musamman don gidan rainon shuka, mai kaurin maikiron 150 zuwa 200, tana kai ƴan shekaru. Ko da wane aka yi, akwatin da kansa digiri kaɗan yake ƙarawa a kan sanyin waje da asuba. Abin da ke cike giɓin shi ne mayafi: zana, asabari, tsohuwar tabarma ko buhunan algarara da ake shimfiɗawa a kan murfi bayan la'asar, a yaye da hantsi. A da, masu lambun Paris ma da tabarmin kara suke rufe nasu. A wurare masu tsananin sanyi, jera gorunan roba cike da ruwa a jikin bangon baya yana taimakawa, musamman idan an shafa musu baƙin fenti.

Ƙasa da shuka

A sassaƙe ƙasar ciki zurfin santimita 15 zuwa 20, a gauraya kashi biyu na ƙasa mai kyau, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, da kashi ɗaya na yashi idan ƙasar mai danƙo ce. A tankaɗe ta sama da rariya. Takin da bai gama ruɓewa ba yana ƙona saiwa, kuma a rufaffen akwati tururinsa ma yana illa. A bar tazarar aƙalla santimita 20 tsakanin ƙasa da murfi ta gaba.

Shuka a layi ta fi yayyafi. A ja layuka masu tazarar santimita 10, zurfin kamar santimita ɗaya, a zuba iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa mai laushi, a danna da tafin hannu. Bayan an tsiro a rage, a bar kamar santimita 4 tsakanin tsiro da tsiro. A wannan awo akwati ɗaya yana ba da dashen tumatir kusan 200, wanda zai cika fili mai murabba'in mita 60 idan an dasa da tazarar santimita 50 da 60. Giram ɗaya na irin tumatir yana ɗauke da ƙwaya wajen 300, don haka ƙaramin ƙunshi ya isa. Masu son jera gwangwanaye ko ƙananan ledoji a ciki maimakon shuka a ƙasa suna iya yi, muddin an huda gindinsu.

Buɗewa da rufewa

Nan ne aikin yake. Akwatin da ke rufe a ƙarƙashin rana yana haura digiri 40 cikin ɗan lokaci, ko da mutanen da ke waje suna sanye da rigar sanyi. A Sahel, inda asuba ke iya zama digiri 12 azahar kuma ta haura 30, ranar da aka yi sammakon zuwa kasuwa aka bar murfi a rufe ta isa ta halaka aikin mako uku. Saboda haka ƙa'idar ita ce a rufe da yamma, a buɗe da safe, kowace rana, har da ranar da hazo ya rufe sama, domin hazo yakan yaye ba sanarwa.

Ana sassaƙa ɗan katako mai matakala uku, kamar na santimita 5, 10 da 20, a riƙa tokare murfi da shi. Da hantsi, idan rana ta fara taɓa akwatin, a yaye mayafi a ɗaga murfi mataki na farko. Idan rana ta ɗaga a ƙara. A ƙasashen kwari, daga wajen ƙarfe goma zuwa la'asar gara a buɗe shi gaba ɗaya, ko a ɗora asabari mai shara-shara ya rage kaifin rana. Da la'asar sakaliya, tun ƙasa na da sauran ɗumi, a rufe. Wanda ya jira magariba ya riga ya yi asarar zafin da yake son adanawa. Idan iska na kaɗawa, a tokare murfin ta gefen da ba ta fitowa.

Ƙaramin ma'aunin zafi da aka rataye a inuwa daga ciki yana kawar da kintace. Ga tumatir da danginsa, abin nema shi ne digiri 20 zuwa 28 da rana, kada kuma ya sauka ƙasa da 12 da dare. Wanda ba shi da ma'auni ya sa hannu: idan iskar ciki ta bugi hannu kamar ta motar da aka rufe a rana, an makara. Gumi mai yawa a jikin murfi da hantsi ma alama ce ta neman iska. Kafin iri ya tsiro ana iya barin murfin a rufe fiye da haka don ƙasa ta ɗumama, amma da zarar kan tsiro ya fasa ƙasa, sai a koma buɗewa kullum. Tsiron da ya yi tsayi siriri, ya yi fari-fari yana kwanciya, ɗumi ne ya yi masa yawa, haske kuma ya yi kaɗan. A goge ƙurar hunturu daga murfi kowane kwana biyu ko uku.

Ban ruwa da cuta

Da safe ake ban ruwa, da buta mai rariya a baki, don ganye ya bushe kafin a rufe. Ƙasar akwati ba ta bushewa da sauri kamar ta fili, saboda haka a tsoma yatsa tukuna. Idan akwai laima a ƙarƙashi a dakata. Ruwan da ya kwana a randa a waje yana da sanyi ƙwarai da asuba, gara a bari rana ta ɗan taɓa shi.

Yawan ruwa da rashin iska su ke kawo ruɓewar gindi, wadda Faransawa ke kira fonte des semis: tsiro yana tsaye lafiya da yamma, da safe a tarar gindinsa ya tsuke ya yi baƙi, ya faɗi. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune cikin ƙasa, kuma wanda ya faɗi ba ya tashi. A cire shi da ƙasar da ke kewaye da shi, a rage ruwa, a ƙara buɗe murfi. Kada a maimaita ƙasa ɗaya shekara da shekara ga tumatir, tattasai da gauta, domin danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya.

Idan murfi na buɗe, kaji, ƙadangaru da fara suna samun hanya. Firam na biyu mai raga yana maganinsu. Farin ƙuda, wanda ke ɗauke da cutar nannaɗewar ganyen tumatir, ya fi ƙanƙanta, yana ratsa ragar gidan sauro. Sai raga mai ƙananan ido wadda masu sayar da kayan noma ke kawowa.

Akwati mai ɗanyen taki

A tuddai masu ƙanƙara da kuma Turai, ana iya mayar da akwatin mai ɗumi, abin da ake kira couche chaude. Ana haƙa rami zurfin kamar rabin mita, a cika shi da ɗanyen kashin doki ko na jaki gauraye da ciyawa, a jiƙa, a tattake, a zuba ƙasar shuka santimita 15 zuwa 20 a sama, sannan a ɗora akwatin. A kwanakin farko takin yana yin zafin da zai kashe iri, sai an jira mako ɗaya ko fiye, zafin ƙasa ya sauka wajen digiri 25, kafin a shuka. Ɗumin yana ɗaukar makonni. A Maraɗi ko Garwa wannan wahala ce da ba ta da dalili.

Fitar da dashe

Tumatir yakan isa dashe bayan mako huɗu zuwa biyar, idan ya yi ganyen gaske huɗu ko biyar, tsayinsa ya kai santimita 12 zuwa 15. Tattasai da attaruhu suna kai mako shida zuwa bakwai. A Turai, inda haske ke da rauni, lokacin yana ƙaruwa, kuma yawanci a cikin ɗaki ake tsirar da su a Maris, a kai su akwati a Afrilu.

Dashen da ya tashi a ɓoye ba ya jure fili kai tsaye. Mako ɗaya zuwa kwana goma kafin dashe a fara saba masa da waje: a ƙara tsawon lokacin buɗewa kowace rana, a rage ruwa kaɗan-kaɗan, a daina sa mayafi, a kwanaki biyu ko uku na ƙarshe a bar murfi a buɗe har dare idan ba a tsoron ƙanƙara. Ranar cirewa a jiƙa ƙasa sosai tun da safe, a cire kowane da ƙasarsa a gindi, a dasa da yamma, a ba shi ruwa nan take.

Idan zafi ya shigo a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, a cire ledar a naɗe ta a ajiye a inuwa, a ɗaura raga ko asabari a firam ɗin. Akwatin sai ya koma wurin rainon dashen damina, inda murfin leda zai sake amfani a ranakun ruwa mai ƙarfi, a tokare shi sama sosai yadda iska za ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsa.